Kofin da Ba a Sa wa Mariƙi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malamin da ke koyar da ginin yumɓu a gidan tarihin garinmu, wanda yara da manya ke kira Baban Laka. Ciwon ƙirji ne na ɗan lokaci, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni ba ɗalibarsa ba ce. Maigidana ne ɗalibinsa, ni 'yar rakiya ce mai zama a benci.

Malam, ka san yadda na kawo maka shi. Tela ne da ya ci da mu da hannunsa, sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun dama ya mutu. Ya rufe shago, ya juya wa duniya baya. Hannun nan kuwa kullum yana cikin aljihu, ko ni ba ya so in gani. Likita ya yi faɗan a riƙa motsa shi har ya gaji. Ni ma na yi lallashi, na yi masifa, duk a banza. Da maƙwabciyata ta ba ni labarin ajinka na ranar Asabar, da ƙyar da jiɓin goshi na jawo shi.

Ina tuna ɗakin, can bayan zauren tsofaffin tukwane: dogon tebur, bahon ruwa, kanta cike da ayyukan ɗalibai. Ka dube shi ka ce, "Tela, da hannu biyu na ga ka shigo. Ina ka kai ɗayan?" Wallahi raina ya ɓaci, har na yunƙura zan mayar maka da magana. Ban ankara ba ka zaro hannun daga aljihu, ka ɗora shi a kan curin yumɓu, ka ce, "Wannan ya danne, wancan ya yi aiki. Ba mu da ɗan kallo a nan, sai Hajiya." Ranar na ji dariyar maigidana, wadda na manta yadda take.

Haka kake da kowa. 'Yan kasuwa, 'yan fansho, matan da suka gudo wa wanke-wanke, duk teburinka ya ɗauke su. Ban taɓa jin ka kushe aikin wani ba. Ranar baje kolin ɗalibai kai ka dage sai an jera karkatattun tukwanensu kusa da na mutanen da, kana cewa su ma waɗancan da karkace suka fara.

Maigidana kofi ya ce zai gina, wanda zai sha shayi da shi. Wasu a Asabar ɗaya suke gama tukunya, shi kuwa ya kwashe watanni a kan ɗan kofin nan. Kowane mako mukan tarar da shi a kanta, lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, da laushinsa kamar jiya aka ajiye. Ni a wautata na ɗauka haka yumɓu yake, yana jiran mai shi. Asabar ɗin ƙarshe mariƙi kawai ya rage. Da ka ga maigidana yana haki, sai ka ce, "Ya isa haka, Tela. Mako mai zuwa mu sa masa hannu."

Bayan rasuwarka, da Asabar ta zagayo, maigidana ne ya fara cewa mu je. Muka tarar da tsumman ya bushe ƙayau, kofin ya ƙame. Mai sharar gidan ce ta gaya mana tana hawaye, cewa kullum da safe sai ka zo ka jiƙa tsumman nan, har ranar Litinin da gidan ke rufe. Ta ce ta taɓa tambayarka, ka ce mata in kofin ya bushe mai shi ba zai dawo ba. Busasshen yumɓu ba ya karɓar mariƙi. Na zauna a bencina na yi kuka har na gode Allah, ina tsoron hannun nan zai koma aljihu.

Maigidana ya daɗe yana juya kofin, sannan ya ce, "A gasa shi haka." Wata tsohuwar ɗalibarka ta gasa mana.

Malam, yau da safe na zuba masa shayi a ciki. Kofi ba mariƙi, da zafi, hannu ɗaya ba ya iya masa. Ina kallo ya ɗago hannun daman yana rawa, ya tallafe gefen kofin, ya kai bakinsa. Kai ne ya kamata ka ga wannan, kuma ba ka nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya mana rai, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da dukan ɗalibanka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu, Ya kyautata namu zuwan. Amin.