Takalman Yaya a Buhun Dawa

Warin jiƙaƙƙiyar fata da kitsen saniya ne ya riga su Yaya shigowa gida ran Asabar ɗin nan. Yayana ke ajiye tamaular ƙungiyarsu, ni kuma nake shafa mata kitse duk lokacin da na zo hutu daga makarantar kwana. Tamaular wancan zamani fata ce zalla, da igiya a bakinta. In ta sha ruwan damina, nauyinta sai ka ce kabewa.

Abokan wasansa biyu ne suka rako shi zauren gidanmu a Badarawa, ɗaya yana tura masa keke. Dariya suke yi. Ina bayan ƙyaure da kwanon ruwa na ji suna ba Baba labari: sun yi karo da kai shi da wani, ya faɗi sumamme, aka kwara masa bokitin ruwa, ya miƙe. A lokacin ba a canjin ɗan wasa, wanda ya fita gurbinsa ya tafi ke nan. Don haka ya koma fili, kuma shi ya ci ƙwallon da ta kai su wasan ƙarshe, Asabar mai zuwa.

Da ya shigo ciki ya zauna a tabarma, ya dube ni.

"Malama, mun ci kuwa?" Da sunan nan yake tsokanata saboda boko.

"Kun ci, Yaya. Kai ne ma ka ci."

"Madalla."

Ya sha ruwa, ya kalli kaji suna shiga akurki, ya juyo. "Malama, mun ci kuwa?"

Sau huɗu ya tambaye ni kafin magariba. Inna ta ɗauka wasa yake yi.

Washegari Baba ya aika aka kira wanzami. Ya aske ƙeyar Yaya, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho biyu. Da ya cire, ya juye jinin a kasko, baƙi ƙirin, guda-guda.

"Ga shi nan, Malam. Mataccen jini ne. Da ya kwana uku a ciki, da wani zancen ake yi."

Kowa ya leƙa kaskon, hankalin kowa ya kwanta. Inna har sadakar waina ta yi.

Ni ce na kasa zama. Yaya akawu ne a wani ofishin gwamnati, kuma duk gidan an san ƙafarsa ce ta samo masa aikin, domin Baturen ofishin mayen tamaula ne. Ran Talata ya dawo da takardu, ya ce in karanta masa, wai layukan sai rabuwa biyu suke yi. Da rana tsaka yana rufe taga. Ran Laraba na gan shi bayan bishiyar gwanda yana amai, yana tura ƙasa a kai da ƙafa.

"Kada Baba ya ji."

"Yaya, ka haƙura da wasan Asabar."

"In je in ce musu me? Kaina na ciwo? Ke ma kin san ba don kyan rubutuna aka ba ni kujerar nan ba."

Baba ne Yaya ya ce kada ya ji, bai ce Inna ba. Na same ta tana tankaɗe, na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke ba ki ga jinin da idonki ba? Abin da ya fita ai ya fita."

Sauran kwanakin ban san yadda na yi su ba. In ɗauki littafi in ajiye. In share tsakar gida, in sake share inda na share. Ina ta kallon gabas, ina roƙon Allah ko dai a yi ruwan da zai hana wasan, ko kuma kada a yi ko ɗigo.

Da safiyar Asabar na ɗauke takalman wasansa, na tura su can cikin buhun dawa a ɗakin ajiya. Iyakar dabarata ke nan. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan randa, sannan ya tsaya yana kallon ƙaiƙayin da ya manne a hannun rigata. Sai ya yi murmushi.

"Malama, kafin Bature ya kawo takalmi, da me muke bugawa?"

Ya hau keke ƙafa ba takalmi. Bayan azahar aka soma yayyafi, irin wanda ba ya hana wasa, sai dai ya jiƙa fata.

Ba wanda ya yi karo da shi ranar. Bai faɗi ba, ba a kwara masa ruwa ba. Tamaular kawai ya yi ta tarba da ka har aka tashi, ya tuƙo kekensa ya dawo da kansa.

Amma daga wannan damina Yaya ya sauya. Mutumin da ko kaza ba ya kora ya koma jifa da kwano in yara sun yi hayaniya. Yakan fita da saƙo ya tsaya a bakin hanya ya rasa inda aka aike shi. Kafin wata damina an ɗauke shi daga keken rubutu, an mayar da shi ɗaukar fayil. Inna ce ta tsinci takalman lokacin da dawar ta yi ƙasa a buhun. Ta kakkaɓe su, ta ajiye a kan akwatina.

Sai da na haifi 'ya'ya har suka girma, wata ƙawata ta makaranta da ta zama nas ta zo mini yini, na ba ta labarin kaskon wanzami. Ta ce jinin fata kawai ƙaho ke ja, ƙoƙon kai ya shiga tsakaninsa da abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza hutu take so, na makonni, kuma bugun da ya same ta kafin ta warke, ko da ƙarami ne, yakan fi na farko ɓarna.