Saniyar Baba Ƙarami

Warin kananzir ba ya barina in zauna lafiya. Yanzu da wuya ka ji shi, sai jefi-jefi in wata tsohuwa ta kunna risho, amma da ya bugi hancina sai in tsinci kaina a bayan gidanmu na Tsafe, ina 'yar yarinya, ƙafafuna cikin taɓon damina.

Babanmu shi ne Sarkin Pawa. Kada ka ɗauka wata sarauta ce ta a-zo-a-gani, rawani ɗaya gare shi, shi ma sai ranar Sallah. Aikinsa dai shi ne ba a rataya nama a kasuwa sai ya gani da idonsa ya yarda. Mu a gida abin da muka sani na sarautar bai wuce kayan ciki a miya ba, da ƙudajen da suka mai da mu dangi.

Ƙaninsa, wanda muke kira Baba Ƙarami, gida ɗaya muke. Mutum ne mai barkwanci, shi ke ɓoyo mana tsire a aljihu. A waccan daminar ya tattara ɗan abin hannunsa ya sayi saniya, ta farko da zai yanka da sunansa, ba a ƙarƙashin yayansa ba. Jajibirin kasuwa ta tsinke igiya, ta faɗa gonar maƙwabci ta ƙoshi da tohon dawa. Kafin gari ya waye cikinta ya kumbura kamar ganga. Baba ya dawo daga sallar asuba ya tarar an riga an yanka ta.

Ga mahauta, magana ɗaya ce: da rai wuƙa ta same ta, ko mushe aka yanka? Babu wanda ya gani sai mai saniyar.

"Wallahi Yaya, ta kaɗa wutsiya kahin in aza wuƙa," in ji Baba Ƙarami.

Baba ya tsuguna ya daɗe yana duban jinin. Bai zuba da yawa ba, amma kuma ya zuba. Mahauta sun fara taruwa, kowa yana jiran ya ga abin da Sarki zai yi da nasa.

"Naman ga ba shi shiga kasuwa," ya ce.

Aka gina rami, aka antaya mata kananzir don kada wani ya tone, aka rufe. Ban taɓa ganin babban mutum yana hawaye ba sai ran nan da na ga na Baba Ƙarami, kuma na ji haushin Baba ƙwarai. Kakarmu, uwarsu, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa.

Baba ya yi niyyar saya masa wata, Baba Ƙarami ya ƙi karɓa. Ya ce ba saniyar ce ta dame shi ba, rantsuwarsa ce aka binne a gaban mutane. Da kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, ya kwashe iyalinsa ya koma Bungudu. Ana haɗuwa wurin biki da rasuwa, a gaisa sama-sama, shi ke nan.

Bayan Baba ya tsufa na taɓa tambayarsa ko da gaske mushe ce. Ya ce, "Ni ma ban sani ba, ɗiyata. Kila gaskiya yaf faɗi. Amma da na bari, duk wanda dabba tashi tam mace sai ya rantse mani da wutsiya."

Yau ni ke da gidan abinci a Gusau, da ma'aikata a ƙarƙashina, rabinsu 'yan uwa. Nama kan zo a bayan babur cikin leda, mai ci ba ya tambayar inda ya fito, mai sayarwa ba ya faɗi. Na gaji da zama ni kaɗai mai tambaya. Ba wanda ya gaya mini cewa shugabanci yawancinsa yanke hukunci ne a kan abin da ba ka gani ba, kuma a kan wanda kake so.

Watan jiya na sallami ɗan ƙanwata, saboda wani nama mai arha da ya kawo, ya kasa faɗin inda aka yanka shi. Ya rantse mini, kuma kila gaskiya ya faɗa. Jibi za a yi sunan ɗansa na fari. An kai wa maƙwabciyata goro, ni har yanzu ba a aiko mini ba.