Kwanon Sulhun Inna

Jiya a wurin suna aka ajiye mana dambu da zogale a kwano ɗaya. Ɗiyata Hadiza ta janye hannu, ta ce ta ƙoshi. Sai na tuna da Inna, tsohuwar da ke sasanta mutanenmu na Nijar da na Cadi a garin Bobigny, can ƙasar Turawa. Ita kowace rigima a kwano ɗaya take kashe ta.

Hadiza na da shekara takwas sa'ad da ɗiyar maƙwabtanmu 'yan Cadi ta ingiza ta a matakalar lekol, wato makarantarsu, haƙorinta na gaba ya karye. Karo na uku ke nan. Shugabar lekol ta aiko takarda in je mu zauna. Da kaina na karanta, harafi-harafi.

Inna ta tara mu da maƙwabtan, ta karɓi takardar, ta ajiye ta ƙasa, ta ɗora kwanon dambu a kai. Hannunta na ƙamshin man gyaɗa da albasa.

"Ba mu kai 'yan'uwa gaban Nasara," in ji ta. "Hadiza, ke ce ƙarama, ba ta haƙuri, ku ci."

"Inna, bakina na ciwo."

"Tauna da ɗaya gefen."

Hadiza ta ba da haƙuri, ta tauna, tana haɗiyewa da jini. Ni kuwa na ce, "Mun gode, Inna." Mai ya jiƙa takardar, ban je ba. Kafin wata ya ƙare aka karya wa Hadiza hannu a matakalar nan.

Allah ya yafe wa Inna, ya sanyaya makwancinta. Ni kuma ya nuna mini ranar da Hadiza za ta sake sa hannu a kwanona.