Katantanwar Malam Husaini

Duk wanda ya zauna unguwar Wangsa Maju ta Malesiya a shekarun nan ya san Malam Husaini ba ya shiga ƙofa sai ya ɗage ƙafa ɗaya ya juya sau guda. Masallaci, lif, banɗaki, duk ɗaya. Shekara shida muna ɗaki ɗaya, har na gaji da jin kunya.

Rannan a tashar jirgin ƙasa na LRT ya tsaya juyi, ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi da ni. Da ya iso na ce, "Malam, da girmanka?"

Ya ce, "Garba, jirgi in ya tafi wani zai zo. Hassan in ya shigo ba ya fita."

Hassan abokin tagwaitakarsa ne, ya rasu suna yara. Wai tun daga ranar yake biye da shi, har nan Malesiya, juyin nan ne ke ɓatar da shi a bakin ƙofa.

A kantin mamak, inda muke shan shayi, ya juya ya watsar da tiren shayi. Mai kanti na ta masifa, shi kuwa kawunanmu yake ƙirgawa. "Alhamdulillahi, ba wanda ya ƙaru."

Aikinsa goge daɓe a wata makarantar rawar bale, wadda ake yi kan yatsun ƙafa, a unguwar Brickfields. Malamar ta kama shi yana juyi da tsintsiya, ta ce sunan abin firuwet, Faransanci ne, asalinsa abin wasan yara mai juyawa, irin katantanwarmu. Ya ce, "Ashe Faransawa ma ana bin su." Ta koya masa kafa ido wuri ɗaya don kada jiri ya ɗebe shi. Ranar ko abinci bai ci ba.

"Katantanwa muke yi ranar da Hassan ya faɗi," in ji shi. "Yanzu da ba na jiri, ina ganinsa ta wutsiyar ido. Bai girma ba."

"To ka daina mana."

"Ka taɓa ganin katantanwar da ta tsaya ba ta faɗi ba?"

Daga baya ciwon suga ya kumbura masa ƙafa. Wata Laraba da la'asar na dawo da shi daga asibiti, ya gwada juyi a bakin ƙofa, ƙafa ta ƙi. Sai ya matsa gefe kamar mai ba baƙo hanya.

"Shigo, yaya. Ka sha tsayuwa."

Na sauka sayo shinkafa. Da na dawo ya cika, yana murmushi, ga kofin shayi biyu a ƙasa, duka an shanye. Ni ban yi boko ba, abin da na gani na faɗa.

Allah ya jiƙan Husaini, ya jiƙan yaron nan da ya daɗe a waje. Ya buɗe musu ƙofa ɗaya su shiga tare, ba sai an juya ba.