Bangon da muka kankare a Argungu

Shekarun baya, lokacin da mahaifina yake kwance a asibiti a Birnin Kebbi, na ƙudura cewa ba zai koma gidansa na Argungu ya tarar da shi yadda ya bar shi ba. Fentin waje ya yi shekaru yana ɓarewa, gansakuka ta cinye gindin bango. Likita ya ce saura kamar mako biyu a sallame shi. Na ce ai kwana uku sun ishe ni.

Na ɗauko wani mai fenti, Bayarabe da ya tsufa a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa.

"Malam, wanga bango ba ya karɓar fenti yanzu," in ji shi. "Sai an kankare, a cike tsaga, a wanke, a bari ya sha iska."

Na ce ya dai shafa a kai. Ya ce in nemi wani.

Na haƙura na bi maganarsa, haka muka fara. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba, sai ga ni bisa tsani da buroshin waya. Da safe ina asibiti, da hantsi ina mota, da azahar ina kankara. Inda duk muka taɓa sai filasta ta zubo. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, yawuna ya koma fari. Mun cike tsagogi ke nan sai ruwa ya sauko kwana biyu, aka koma jira. Na zauna a dakali, ko fushi na kasa yi don gajiya.

Ranar da aka kawo mahaifina, gidan ya fi yadda ya bar shi muni, duk faci-faci na sumunti. Kunya ta hana ni kallonsa. Ya ce a tsaya da shi a ƙofa, ya ɗora tafinsa kan wata doguwar tsaga da na cike da kaina.

"Wa ya yi wagga?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ta karkace," ya ce, sai ya yi 'yar dariya. "Amma ta cika."

Kullum da la'asar akan fito masa da tabarma ya jingina da bangon, shi ya sa muka yi ta ɗaga ranar fenti. Bai kai ƙarshen damina ba. Sai bayan sadakar arba'in aka shafa fentin, launin ruwan madara, yadda mahaifiyata ta zaɓa.

Mutane suna yaba fentin har yau, ina amsawa da godiya. Amma ni aikin da na sani yana ƙarƙashi, inda ba mai gani. Wanda na yi dominsa ya gani, ya taɓa da hannunsa, ya jingina bayansa.