Tarihin Ƙauyukan Gwandu da Ban Kammala Ba

Ban daɗe da fara karantarwa a zauren mahaifina a Gwandu ba Nasara suka ci ƙasar. Da hankali ya ɗan kwanta, sai wani abu ya riƙa damuna: duk tsohon da muka kai kushewa, da labarin da ya sani muke binne shi. Tarihin manya an rubuta shi, yana nan cikin littattafai. Amma wa ya fara saran daji a wuri kaza, wane malamin ƙauye ya yi karatu wurin wane, ta ina makiyaya suka biyo da shanunsu har suka zauna, wannan babu wanda ya ɗora wa alƙalami. Na so in bi ƙauyuka in tambaya in rubuta. Sai dai ina da iyali, gonata ɗaya, kuma wanda ya bar gona da damina ya bar tuwon gidansa. Takarda kuwa a lokacin sai mai hali.

Wani ɗalibina mutumin Kalgo ya kai maganar wurin kawunsa, wani dattijon attajiri da ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin goro. Dattijon ya aiko in je. Na same shi a zaure yana jan carbi, ƙafafunsa a kumbure saboda tsohuwar tafiya.

Ya ce, "Malam, an ce kana son tara maganar tsofaffi. Mi ya hana ka?"

Na ce, "Ciki, Baba, da takarda."

Ya yi dariya har ya yi tari. Nan take ya yanke cewa kowace kaka za a kai gero da dawa gidana, wanda zai ishe mu shekara, ya ba ni jaki, ya kuma sa fatakensa su riƙa sayo mini takarda. Sharaɗinsa shi ne in zo bayan girbi in karanta abin da na tara a gabansa da gaban wasu malamai biyu da ya zaɓa. In suka ga na yi wa wani kwalliya, ko na cike gurbi da son raina, hatsi ya tsaya. Ya ƙara da cewa, "Ko ni kada ka yabe ni a ciki."

Ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar na shekarun nan biyu da suka biyo baya ba. A Kambaza na sami wani tsoho makaho wanda ba ya magana sai da hantsi, in rana ta dumama masa baya. Yakan faɗi abu, ya ce in karanta masa abin da na rubuta, ya gyara. A Ceberu wata tsohuwa ta ba ni sunayen matan da suka karantar da 'yan uwansu mata, duk cikin waƙar da take yi a kan dutsen niƙa ta adana su. Da na karanta wannan a Kalgo, ɗaya daga cikin malaman ya ɓata rai, ya ce yaushe waƙar niƙa ta zama tarihi. Dattijon ya ce, "Ka ji ƙarya a ciki?" Malamin ya ce bai ji ba. Dattijon ya ce, "To a bar ta a ciki."

A shekara ta uku ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kafin bazara mata sun fara tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Na tafi Kalgo, na tarar ƙofar attajirin cike da mutane, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa. An buɗe rumbunansa ana dama kunu a manyan tukwane. Da ya gan ni bai bari na gama gaisuwa ba.

"Malam, dubi ƙofata. In ba ka, ko in ba su?"

Na ce ya ba su. Me zan ce in ba wannan ba? Na koma gida na sayar da jakin muka ci.

Yunwa kuwa da tsofaffi take farawa. Makahon Kambaza ya ce da ni a zuwana na ƙarshe, "Ka komo bayan kaka in ba ka sauran." Da na koma da ƙafa, jikansa ya nuna mini kabarinsa. Tsohuwar Ceberu danginta sun tafi da ita kudu neman abinci, ban sake jin ɗuriyarta ba. A Dodoru, inda na yi niyyar farawa a shekarar, dattijon makiyayin da aka yi mini kwatance ya bi ragowar shanunsa, babu wanda ya san inda ya nufa.

Attajirin ya yi mini alkawarin za mu ci gaba in Allah ya kawo sauƙi. Sauƙin bai iso gidansa ba. Goro ya koma biyowa ta ruwa da jirgin ƙasa, ayarinsa ya yi ta raguwa. Duk da haka yakan aiko mini da ɗan dami, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi. A shekarar da mashassharar nan mai tari ta share gidaje, shi ma ya tafi.

Bayan an yi sadakar arba'in na je wurin babban ɗansa. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo fura. Ya ce, "Allah gafarta Malam, abin da Baba ya yi don Allah ya yi, amma bai bar wasiyya a kai ba. Gado an raba, kowa da nasa bakunan da zai ciyar." Ban ga laifinsa ba.

Na ƙwanƙwasa wasu ƙofofin. Wani mai dukiya a Gwandu ya yarda, in dai zan haɗa kakansa da wani babban gida da na san ba su haɗa komai ba. Na ba shi haƙuri. Wani Bature da ya zo rangadi ya ji labarina ya sa aka kira ni. Ta bakin tafinta ya tambayi wa ya yi sarauta bayan wa, da inda iyakar ƙasar kowa ta tsaya. Da na fara maganar malamai da mata, tafintan ya ce mini Bature ya gode, ya ba ni goro, aka sallame ni.

Na koma gonata. Abin da na tara yana nan cikin gafakar littattafaina, labarai masu kai babu ƙafa. Wani ya tsaya a tsakiyar salsala, wani a kan sunan da aka ce za a tuna gobe. Idanuna sun yi rauni, rubutuna na da ma da ƙyar nake gane shi. Ɗana da ya yi karatu mai biyayya ne, in na ce ya karanta mini yakan karanta, amma ina jin muryarsa tana sauri don ya kai ƙarshen shafi ya tashi. Na daina sa shi.