Sauran Na Gida

Mu kaɗai ne Kiristoci a layinmu na Kusfa. Baba malamin asibiti ne, aiki ya kawo shi cikin birni, muka kama haya a wani sashe na gidan wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa. Mama ba ta da agogo, ba ta kuma bukatarsa. Da ladanin masallacin bayan gida ya kira sallar asuba, sai ta bi mu tana bubbuga mana ƙafa, mu taru a kan tabarma ido duk barci, a yi addu'ar safe.

Baba ke karanta Littafi Mai Tsarki, a gajarce, don kullum sauri yake yi. Addu'a kuwa ta Mama ce, ita kuma ba ta san gajarcewa ba. Takan ɗauko ƙannena ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, ta ajiye a gaban Ubangiji. Mai bi mini a roƙa masa natsuwa a makaranta, mai fitsarin kwance a roƙa masa sauƙi, auta kuwa ko tari ta yi jiya sai Allah ya ji labari. Ta ambaci matan zumuntar majami'armu, ta ambaci Hajiya da ciwon gwiwarta. Har akuyarmu ta taɓa shiga addu'a lokacin da ta ci leda. Sai can ƙarshe ta ce, "Da sauran na gida duka." To, ni ce sauran na gida.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ni ce 'yar fari, Mama kuma Bahaushiyar ƙauye ce. Iyayenta sun karɓi bishara, amma ba su ajiye kunyar ɗan fari ba. Ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni a gaban mutane. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Na san al'adar, kowa a unguwar haka yake yi. Abin da zuciyata ta ƙi yarda da shi shi ne a ce kunya ta biyo mu har cikin addu'a.

Na yi kishin ƙannena, kishi mai zafi, musamman auta. Ana idar da addu'a ni ke yi mata wanka, kuma soson kan gaya mata ra'ayina. Ranar Lahadi mukan fita ta Ƙofar Doka da ƙafa zuwa majami'a a bayan ganuwa, Mama ta sha zanen zumunta tana riƙe da hannun auta, ni ina baya da tulun kiɗan mata a ka. A can ma ba a bar ni na huta ba. An san Mama da baiwar addu'a, mata sukan kawo mata damuwar 'ya'yansu, ta rufe ido ta yi ta jero sunayen 'ya'yan fari na wasu ba ko gargada. Ina tsaye a gefe ina ji, kamar in fasa tulun.

Na taɓa kai ƙara wurin Hajiya tana tuyar ƙuli. Ta yi dariya har da share hawaye.

"Yo 'yar nan, ni babban ɗana har ya yi furfura ban taɓa faɗin sunansa ba. Allah ai ya san wanda ake nufi."

Na ce, "To Hajiya, ai ya san auta ma. Me ya sa ake tuna masa da ita kullum?"

Ta miƙo mini ƙuli mai zafi ta ce in je, bakina ya fi ƙarfinta.

Shekarar da na sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, na ƙudura ba zan bar gidan nan a matsayin sauran na gida ba. Ana gobe zan tafi, da la'asar, na sami Mama tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa kusa da ita.

"Mama, gobe in kina addu'a ki faɗi sunana."

Ba ta ɗago ba. "Ke ba ki da kunya ne?"

"A gaban Yesu ma sai an yi kunya? Nisa zan yi, Mama. Sau ɗaya kawai nake so in ji."

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa, har da wuraren da ta riga ta tsince. Na gaji da durƙuso na tashi.

Da asuba muka taru. Akwatina na bakin ƙofa. Baba ya yi karatu, Mama ta fara, amma ba ta bi layin da ta saba ba. Ta ce, "Ubangiji, yau ga..." sai ta tsaya. Muka jira. Ina jin numfashinta, ina jin Hajiya tana kwarara ruwa a buta a can sashenta. Ta sake cewa, "Ubangiji, ga baiwarka..." ta sake tsayawa. Na buɗe ido ɗaya. Ta damƙe bakin zanenta da hannu biyu, gumi a goshinta duk da sanyin safiya. Ban taɓa ganin addu'a ta gagari Mama ba sai ran nan.

Can ta kira auta da sunanta, ta ce, "Faɗi sunan yayarki."

Auta ta faɗa da ƙaramar muryarta.

"Ita, Ubangiji," in ji Mama, muryarta ta karye. "Ita nake nufi. Kullum ita nake nufi. Ka riƙe mini ita."

Daga nan kuka ya ci ƙarfinta, Baba ne ya rufe mana cikin sunan Yesu. Na ce amin, ni ma fuskata jiƙe. Na san iyakar ƙoƙarinta ke nan, na kuma gode mata a raina. Amma har na shiga mota a Ƙofar Doka ina jin haushi, don ko a wannan safiyar da take tawa, sunan auta ne ya fito daga bakin Mama.